Ranar da Aka Fasa Kyamarar Yaya Kulu

Da saukar ruwan farko na daminar bana Yaya Kulu ta cika shekara shida da barin duniya. Ita ce ta fari a ɗakin mahaifiyarmu, ni ne auta. A bayanta na yi wayo, domin ita ke goyona idan Inna ta tafi kasuwa, ita ce kuma ta fara kirana Sanda har sunan ya danne Umarun da aka raɗa mini. Duk shekara idan wannan lokaci ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kanta, sai in kasa. Bana na ga gara in daure, saboda waɗanda suka ga abin da ya faru da idonsu suna ta raguwa, waɗanda suka ji a bakin mutane kuwa a karkace suka ji.

A Illo ba wanda zai gane idan ka ce Hauwa'u. Kulu mai hoto, shi ne sunan. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Dije. Bayan ta fita takaba ta sayi tsohuwar kyamara a hannun wani mai shagon hoto da zai bar gari, ta koyi aiki da ita a kan kajin gidanmu da tumakin maƙwabta. Ta yi dabara, domin namiji ba ya shiga cikin gidan biki, ita kuwa har ƙuryar ɗakin amarya. Kafin a jima ana kiranta Bagudo, ana kiranta Bahindi da Matsinkai, ana kiranta ƙetaren iyaka. Ni ke kai ta a mashin ɗina ranakun da ba na makaranta, don aikin koyarwa nake yi a firamare.

Maganar ƙwari a gidan biki ta samo asali. Tana zaune tana jiran lallen amarya ya bushe, sai ƙoƙi-ƙoƙi ya sauka a kan zana kusa da ita. Ta ɗauke shi don kawai ta rage zaman jira. Da muka dawo gida ta ƙara girman hoton a ɗan gilashin bayan kyamarar, ta daɗe tana kallo, sannan ta kira ni.

"Sanda, zo ka gani. Ashe abin nan fuska gare shi. Kallona yake yi."

Na duba, na ga gaskiya ne, na yi dariya na wuce. Ita ba ta wuce ba. Ta sa wani ɗan kasuwa mai zuwa Kwatano ya samo mata wani gilashi da ake ɗaurawa a bakin kyamara, wanda ke mayar da kan tururuwa kamar kan ɗan akuya. Daga nan fitarmu ta ƙaru. Da an idar da sallar asuba za ta buga mini ƙofa, wai lokacin ne raɓa ke danne fikafikan ƙwari, sanyi ya hana su tashi. Mu gangara fadama. Ta shimfiɗa tsohon buhu, ta ɗaure hijabinta a ƙugu, ta kwanta rub da ciki, ta kafa gwiwar hannu a ƙasa. Ba ta yarda inuwarta ta faɗa kan abin da take nema. Takan riƙe numfashi kafin ta danna. Aikina shi ne in riƙe murfin tukunya in karkato mata hasken rana, in kuma yi shiru, wanda shi ya fi ba ni wahala.

A haka na ga idon mazari kamar an jera ƙananan duwatsun ado, na ga zanzaro ɗauke da curin laka a baki, na ga buzuzu yana tura kayansa da ƙafafun baya, kansa a ƙasa. Masu wucewa zuwa gona sukan tsaya su yi mata ba'a, su ce amaren ƙasar nan sun ƙare ne ta koma wa na ciyawa? Ta ce ai waɗannan ba sa cewa a sake ɗauka don ba su yi kyau ba. Tana da wata al'ada kuma. Idan ta ga tsutsar da ba ta sani ba, sai ta sa ta a kwalbar man shafawa da ta huda murfinta da allura, ta zuba mata ganyen da ta same ta a kai, ta ajiye ta ga abin da za ta zama. In ta zama malam-buɗe-littafi ko wani abu mai tashi, ta ɗauki hotonsa ta sake shi.

Yau da nake ganin kowane yaro da waya a hannu, wadda ke iya ɗaukar ƙafar sauro ba tare da wani gilashi ba, nakan tambayi kaina me za ta ce. Ina jin da farko za ta yi murna, ta karɓi wayar ta jujjuya. Daga baya za ta tambaya me ya sa duk fuskokinsu kawai suke ɗauka. Amma ba don wannan na zauna rubutu ba.

Mahaifiyarmu 'yar ƙetare ce. A wani ƙauye cikin ƙasar Benin aka haife ta, ba nisa da mu, kuma ba zan faɗi sunansa ba, domin har gobe muna da dangi a can. Da Dendi ta yi mana reno, da Hausa muka yi wasa a waje. A wurinmu iyaka ba ta wuce hanyar da ke ratsa gonaki ba. Suna ko gaisuwar mutuwa, mu hau mashin mu je mu dawo kafin la'asar. Ƙanen Inna, Kawu Arzika, yana can da iyalinsa, manomi ne mai sanyin hali, wanda bai iya ɗaga murya ko a kan jakinsa ba.

A wata damina, shekara uku kafin rasuwar Yaya Kulu, muka je gaishe shi. Masara ta kai gwiwa. Muna gama cin abinci ya ce mata, "Ɗiyata, ke da ke son ƙwari, zo ki ga wata tsutsa da ban taɓa gani ba tun da nike noma." Muka bi shi gona. Ya buɗa kan wata masara, can cikin inda sabon ganye ke fitowa, sai ga wani abu kamar dusa, a ƙarƙashinsa tsutsa kwance ta ƙoshi. Yaya Kulu ta shimfiɗa buhunta ta kwanta. Ta daɗe a wurin, kuma kamar yadda ta saba, tana yi wa tsutsar magana ƙasa-ƙasa, tana lallashinta ta ɗago kai. Mutane na wucewa ta hanyar gefen gonar suna kallo. Ban ɗauki kallon a bakin komai ba, mun saba. Da za mu tafi Kawu ya karya karan da hannunsa ya miƙa mata. Ta sa tsutsar a kwalba da ganye da 'yar ƙasa.

Bayan 'yan makonni aka yi bikin 'yar maƙwabcin Kawu, wanda tun kafin damina aka yi da ita za ta je ɗaukar hoto. A tsakanin nan tsutsar ta nutse cikin ƙasar kwalbar, ta dunƙule ta yi ja kamar ƙwallon dabino, sannan ana gobe za mu tafi ta fashe, wani ɗan faɗa-wuta mai ruwan ƙasa ya fito, irin ƙwaron nan da ke zagaya fitila. Ba shi da wani kyau. Amma Yaya Kulu murna take yi, ta ce za ta kai wa Kawu ya ga uwar tsutsarsa. A gabana ta sa kwalbar a jaka, a ƙarƙashin kyamara.

Tun kafin mu shiga ƙauyen jikina ya ba ni. Gonakin masarar da muka bari kore shar sun koma kamar an bi su da almakashi. Ganye duk huji, wani ya zama zare-zare, kan masarar ya ruɓe. Gona bayan gona, dama da hagu. Na ji hannunta ya ƙara riƙe rigata ta baya. Matan da muka tarar a bakin rijiya, waɗanda da can sukan taso da guɗa su karɓe mata jaka, suka ɗauki tulunansu suka shige gida. Na yi sallama ga wani dattijo a kan hanya, ya amsa ba tare da ya ɗago ba.

Akwai wata babbar tsamiya a tsakiyar ƙauyen, inda ake 'yar kasuwa. Maza ne cike a gindinta, ba kamar ranar biki ba. Da suka hango mu suka miƙe. Wani mutum mai suna Gado ya fito ya tsaya a tsakiyar hanya, dole na taka birki. Na san shi sama-sama. Magidanci ne mai 'ya'ya da yawa, kuma a shekarar duk ƙasarsa masara ya zuba mata, bai bar wa dawa ko gero ko kunya ɗaya ba. Ya miƙa hannu ya zare makullin mashin ɗin. Kafin mu sauka an kewaye mu.

Da Dendi ya fara, sannan ya maimaita da Hausa don kada a ce ban ji ba.

"Mi kinka zuba a gonar Arzika?"

Ta ce, "Ban zuba komai ba, Malam Gado. Hoto na ɗauka."

"An gan ki kwance kina magana da ita. An gan ki da kwalba. Kafin ki zo ba mu san abin ga ba. Daga gonar da kinka kwanta ya fara, yanzu dubi gari."

Sai kowa ya ɗauka. Wannan ya ce ya ga bakinta na motsi, wancan ya ce tun da can ya san ba a banza mace ke kwanciya cikin ciyawa da sassafe ba. Wani ya ce turo ta aka yi daga Nijeriya a kashe musu noma don su dawo saye a hannunmu. Na yi ƙoƙarin magana, wani ya dafe mini ƙirji ya mayar da ni baya.

A nan ta yi abin da ta ɗauka zai kwantar da hankali, shi kuma ya ƙara dagula lamarin. Ta ciro kyamarar ta kunna, ta nemo hoton tsutsar, ta ɗaga musu su ga ba wani abu ba ne. Ta manta cewa mu mun saba da irin hotunan nan, su ba su taɓa gani ba. Kan tsutsar ya cika gilashin, ga muƙamuƙi kamar na dabba, ga gashi tsaitsaye, ga wani zane mai reshe biyu a goshinta kamar an yi mata tsaga. Na kusa ya ja da baya yana neman tsari. Wani ya ce wannan ba tsutsa ba ce, abin da ke cikin tsutsar ne ta kama a akwati. Na ji kalmar maita ta fito daga baya, a hankali, sannan ta zagaya da'irar tana ƙara ƙarfi.

Gefen tsamiyar akwai teburin mai sayar da fetur a kwalabe, kamar yadda ake yi ko'ina a bakin iyaka. Gado ya taka ya ɗauki kwalba ɗaya, ya cire toshiyar da haƙori, ya tuttule ta a kan mashin ɗina. Fetur ya fantsamo mini a wando, ya jiƙa bakin zaninta. Ya ciro ashana daga aljihu. Bai ƙyasta ba, riƙe ta kawai ya yi. Har yau idan na tsaya shan mai warin ya bugi hancina, sai ranar ta dawo mini.

Ya ce, "A buɗe jaka."

Na san abin da ke ciki. Na sunkuya kamar zan gyara takalmi, na ce mata cikin raɗa ta ce kayan mata ne, ba namijin da zai sa hannu. Ba ta dube ni ba ta ce, "In sun kira mace ta buɗe fa? In sunka gani da kansu bayan na musa, mun ƙare, Sanda."

Ta durƙusa ta zuge jakar da hannunta. Ta ciro buhun kwanciyarta ta ajiye. Ta ciro murfin tukunya. Sannan ta ciro kwalbar ta ɗaga sama yadda kowa zai gani. Ƙwaron na ciki yana bugun gilashi. Wurin ya yi tsit, har ina jin kiɗan gidan bikin daga nesa, inda mata ba su san abin da ake ciki ba.

Da Dendi ta yi magana, irin Dendin Inna, ba ta gaggawa. Ta ce wannan ita ce tsutsar da ke cin masararsu, haka take zama idan ta girma, kuma wannan mai fikafikan shi ke yawo yana zuba ƙwai a ganye. Ta ce ba kawo ta ta yi ba, daga nan ta ɗauke ta, ta dawo da ita ne ta nuna.

Gado ya ce, "Wa ya ba ki izinin ɗauka? Wa ya kai ki gonar?"

Na riga na hango Kawu Arzika. Yana can bayan taron, kusa da katangar masallaci, kansa a ƙasa. Ita ma ta gan shi. Na buɗe baki zan kira sunansa, sai na ji ta taka mini ƙafa da ƙarfi. Daga baya ne ta gaya mini dalili: mu in Allah ya fisshe mu gida za mu koma, shi kuwa a nan zai kwana, a nan matansa za su ɗebi ruwa gobe. Don haka ta yi shiru. Gado ya sake tambaya. Ta yi shiru. Na ga ya tura akwatin ashanar da babban yatsa ya zaro tsinke ɗaya.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Abin da na sani shi ne na ji wata murya siririya tana cewa a ba ta hanya. Kawu ne. Ya ratso mutane yana tafiya kamar mai zazzaɓi, ya zo ya tsaya tsakaninmu da Gado, a cikin fetur ɗin da ya kwanta a ƙasa, ba ko takalmi a ƙafarsa.

Ya ce, "Ni na kira ta. Ni na karya karan da hannuna na ba ta. Tsutsar ta riga ta zuwa gonata, shi ya sa na kira ta ta gani. In za ka ƙyasta, Gado, ga ni."

Wani ya ce ai ɗiyar 'yar'uwarsa ce, dole ya faɗi haka. Amma wani tsoho ya yi gyaran murya ya ce shi dai ya tuna Arzika ya yi kukan tsutsa a ƙofar masallaci tun kafin baƙin su zo. Wani ya ce shi ma ya ji. Ba wai taron ya yarda ba ne. Ya dai rabu biyu, ana ta musu, kuma a cikin musun ne mai gari ya iso, dattijo mai dogara sanda, wanda aka je aka taso.

Mai gari bai tsaya binciken wa ke da gaskiya ba. Ya dubi fetur, ya dubi ashana, ya dubi rumfunan kara da ke kewaye da mu. Ya ce ba za a zubar da jinin jikar garin nan a gindin tsamiyar nan ba yana raye. Amma mutane sun yi asara, zukata sun ɓaci, ba zai ce su watse hannu wofi ba. A kashe abin da ke cikin kwalba. A fasa akwatin hoton. Ita kuma kada ta sake taka ƙasarsu.

Yaya Kulu ta buɗe murfin, ta sa yatsu biyu ta kamo ƙwaron ta murƙushe shi. Ban taɓa ganin ta kashe abin da ta rena a kwalba ba sai ranar. Garin fikafikansa ya manne mata a yatsa, ta goge a zani. Sannan ta roƙi a bar ta ta cire memorin da ke cikin kyamarar, domin hotunan shekaru suna ciki. Gado ya ce ai a nan abin yake. Ta dube shi, ta ce to, ta yarda, amma ya fara ajiye ashanar. Ya miƙa wa mai gari.

Ta ɗora kyamarar a kan saiwar tsamiya da hannu biyu, kamar mai kwantar da jariri. Gado ya karɓi fartanya a hannun wani ya juya ƙotar. Ya yi ta bugu har bayan babu sauran abin fasawa. Da ya gama ya jefar da fartanyar, ya tsuguna a wurin ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa na girgiza. Ba wanda ya yi murna. Mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya.

An ba ni makullina, amma na ji tsoron tayar da mashin ɗin da fetur a jikinsa. Tura shi muka yi, ni a gaba ita a baya, ta tsakiyar gonakin nan da suka lalace, ina waiwaye ko an biyo mu. Sai da muka kai wani kududdufi muka wanke shi, muka wanke kayan jikinmu, muka jira ya sha iska. A duk tafiyar magana ɗaya ta yi. Muna gab da shiga Illo ta ce, "Yarinyar nan an yi bikinta ba hoto."

Kafin damina ta fita tsutsar ta cinye masara a ɓangarenmu ma, a Bahindi, a Matsinkai, a wuraren da Yaya Kulu ba ta taɓa shimfiɗa buhu ba. Rediyo ya yi ta faɗa cewa annoba ce da ta game ƙasashe. Na zaci wani zai zo daga ƙetare ya ce an yi kuskure. Ba wanda ya zo. Abin da ya zo shi ne labarin, ya riga mu isa wasu gidajen ma. A Illo, garin da aka haife ta, akwai matan da ta ɗauki hoton aurensu da sunan 'ya'yansu, suka daina kiranta. Ba su ce ta yi ba. Cewa suke a dai bari ƙura ta lafa. Wannan ya fi fasa kyamarar yi mata ciwo, na gani a fuskarta ranakun Asabar da take zaune gida ana kiɗa a unguwa.

Hotunan ƙwarinta kusan duka sun tafi a gindin tsamiyar nan, domin na biki take wankewa, nata na sha'awa a memori take barinsu. 'Yan kaɗan ne suka tsira, suna hannun Dije. Daga baya ta sami wata ƙaramar kyamara, aiki ya dawo sannu a hankali, ta koma fitar asuba, amma iyakarta bayan gida da gonarmu. Ba ta sake tsallake iyaka ba har ta rasu. Kawu ne ke zuwa duk sallah. Ta kawo masa fura, su yi hirar ruwa da ta dangi. Ban taɓa jin ɗayansu ya ɗauko maganar ranar ba.

Yanzu ba manomin da bai san tsutsar nan ba. Yaro ma zai buɗa kan masara ya nuna maka ita. Da safe idan ka gangara fadama warin maganin feshi ke fara tarbarka, kuma a ganina mazari sun ragu, ko da yake ban ƙirga ba, watakila idona ne ya tsufa. Ba na jin za ta hana kowa feshi. Ta san yunwa, ba ta taɓa cewa ran ƙwaro ya fi tuwon yara ba. Abin da za ta yi ƙorafi a kai shi ne a fesa wa mai ci da marar ci gaba ɗaya, ba tare da an sunkuya an duba ba.

Abin da na fi jin zai tayar mata da hankali shi ne yadda tsoro ya zauna mana. Hanyoyin da muke bi ba tunani, yau sai an tambaya kafin a bi. Baƙo ya tsaya ya daɗe yana kallon wuri, sai a fara taɓa juna. Ban ce tsoron ba shi da dalili ba, duk mai zaune a bakin iyaka ya san yana da shi. Amma nakan lissafa a raina: da a ce yau ne aka tare mu, da kafin Kawu ya ratso taron wani ya ɗauki bidiyon kwalbar ya tura, da mutanen ƙauyuka uku sun iso a kan mashina, waɗanda ba su san Inna ba, ba su san mai gari ba.

Ciwon ƙoda ne ajalinta. A watanninta na ƙarshe, wata rana da hantsi ina zaune bakin gadonta, na tambaye ta ko ta yafe wa Gado, domin ni ko sunansa ba na son ji. Ta ce, "Kai mashin ɗinka ka gani. Ni gonarsa na gani, ita ce ta ƙarshe kafin rijiya. Ko kara ɗaya bai tsira ba. Da abincin Dije ne, ban san abin da zan riƙe a hannu ba." Ta juya ta ce in miƙo mata ruwa.

Dije ta yi aure, tana sayar da albasa a kasuwar Illo. Ba ta gaji uwarta a son ƙwari ba ko kaɗan. Kyankyaso in ya shigo ɗakinta, takalmi ne rabonsa. Na daɗe ina ganin kamar komai na Yaya Kulu ya bi ta kabari. Sai bara, wata ranar kasuwa, aka ga wata baƙuwar budurwa tana ɗaukar hoton rumfuna da waya. Wani ya ce leƙen asiri take yi wa mutanen daji. Nan da nan aka yi mata zobe, an fizge wayar, mayafinta ya faɗi. Ina can ɓangaren masu hatsi na hango, kafin in ratso na ga Dije ta bar albasarta a buɗe, da tsohon ciki, ta kutsa tsakiyar maza. Ta ɗauki mayafin ta yafa wa yarinyar, ta kama hannunta ta riƙe gam. Ta ce ba ta san ta ba, ba ta san daga ina take ba, amma ba mai taɓa ta sai an kira manya an tambaye ta a zaune. Aka yi ta hayaniya, ba ta saki hannun ba. Da aka bincika, ɗaliba ce ta zo hutu wurin gwaggonta.

Da yamma na je gidanta ina faɗa, na ce da cikin nan za ki shiga tsakiyar taro, in an ture ki fa? Tana tsintar shinkafa a faifai, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Kawu, hannunta rawa yake yi. Wa zai riƙe?"

Allah ya yi wa Hauwa'u rahama, ya yalwata mata makwanci, ya sa idan tamu ta zo mu cika da kyau.